Dutsen Kwallin Gwaggo

Kanarin farko ya mutu ne da hantsi, yana tsakiyar kuka. Ina zaune a zaurenmu na Kwarbai da farar shadda a cinya, ina cike wuyan riga, sai na ji kukan ya yanke kamar an toshe masa baki. Na ɗaga kai na hango shi a ƙasan keji, kansa ya juye baya, ƙafafunsa suna karkarwa. Kafin in soke allura a hula in miƙe ya gama. Na ɗauke shi da ɗuminsa, na juya shi, na hura gashin cikinsa. Ba rauni, ba ƙwaro, ba komai.

Ni maɗinki ne, ɗinkin hannu na manyan riguna, sana'ar da na gada a wannan zauren. Wanda ke wuni a sunkuye yana bin zare yana bukatar abin da zai riƙa yi masa magana ba tare da ya nemi amsa ba, ni kuwa kanari na zaɓa. Guda tara gare ni a lokacin, kowanne da kejinsa na kara, a rataye jikin azara. Maiɗakina takan ce na fi sanin muryoyinsu da na 'ya'yana, kuma ban taɓa musa mata ba, don yaran duk murya ɗaya suke da ita in suna neman abu.

Mutuwar ɗaya ba ta dame ni sosai ba. Na haƙa rami a gindin katanga na rufe shi na koma ɗinki. Amma kafin wata ya ƙare na biyu ya bi shi, sannan na uku, duka iri ɗaya. Tsuntsu zai yi kwana biyu yana yawan shan ruwa, kashinsa ya koma kore, ya ɗan yi sanyi, sai kuma ya warware har ka ce ya warke. Kana cikin murna sai ya faɗo daga kan tsinke kamar an harbe shi.

Babu wanda ban ɗora wa laifi ba. Wani Alhaji maƙwabcinmu mai kiwon tantabaru ya ce maganin sauro ne da ake kunnawa, na hana kunna shi ko'ina kusa da zaure, sauro ya yi ta cin mu. Wani ya ce hayaƙin janareta ne, na je na yi wa mai askin da ke jikin katangarmu tas, har sai da ya matsar da injinsa bayan shago, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Na hana maiɗakina turaren wuta, ta ce to in auri kanarin mana in huta. Na canza mai sayar mini da gero da acca ko da hatsinsa ya sha maganin ƙwari. Na ƙone kejin waɗanda suka mutu. Na kashe ƙadangaru sun fi goma a banza, don an ce mini tsoratar da tsuntsu suke yi zuciyarsa ta buga. Duk da haka na huɗu ya mutu ranar wata Juma'a ina shirin masallaci.

A cikin gidan akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ta dawo gidan ubanta aka ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya. Sunan kakana aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini ko da na yi furfura a gemu. Sana'arta kwalli. Takan sayo shi dunƙule-dunƙule yana walƙiya, ta niƙe shi a kan wani baƙin dutse mai santsi wanda ta gada daga uwarta, ta ɗura a ƙananan tandu. Matan unguwa ba sa sayen na kowa sai nata, sun ce ba ya da tsakuwa. In aka yi haihuwa kuwa ita ake aika wa ta zo ta ranƙwasa ta sa wa jariri kwallinsa na farko, don hannunta ba ya rawa.

Ita kaɗai ce a gidan take son tsuntsayen nan kamar ni. Kullum in za ta fita kai kwalli sai ta tsaya a zaure ta bi su ɗaya-ɗaya tana gaishe su. Tana da tsokana. Za ta ce wa wannan malalaci, ta ce wa wancan ya fi ladanin unguwa murya, ta tambayi wani ko ya biya kuɗin haya. Ni kuma in ce, “Gwaggo, ki bar mini baƙi su huta.” Ta ce, “Babana, ai kai ne baƙo a nan, su ne masu zauren.”

Akwai abin da nake yi wa tsuntsayen wanda nake alfahari da shi. Duk bayan kwana uku nakan niƙa musu ɓawon ƙwai da ɗan gawayi da gero, ya yi laushi, in barbaɗa a abincinsu don ƙarfin ƙashi da kyan gashi. Da a dutsen niƙan tsakar gida nake yi, amma tun da mata suka koma kai niƙa inji aka kife dutsen ya zama matakalar banɗaki. Turmi kuwa warin barkono da daddawa ba ya barinsa. Gwaggo ce ta ga ina fama da kwalba a kan siminti ta ce, “Zo ka yi a nawa.” Daga nan na saba. In tsuguna a ƙofar ɗakinta, in share dutsen da tafin hannu, in niƙa. Ban taɓa wanke shi ba. Me zan wanke? Abin da ake sa wa jariri ɗan kwana ɗaya a ido, abin da malamai ke sawa ranar Juma'a? Garin yakan fito da ɗan ƙyalli-ƙyalli a ciki, ni kuwa har daɗi nake ji, ina cewa a raina idonsu zai ƙara haske. Da suka fara ciwo sai na ƙara yawan garin, wanda ya fi yin sanyi shi nake fi cika wa.

Ban san wanda ya fara maganar ba. Na dai san ranar da ta iso kunnena. Matar yayana ce ta tsaya a bakin zaure da mayafi a hannu, ta ce kamar da wasa, “Malam, ka lura kuwa wanda Gwaggo ta yaba jiya shi ne ya mutu yau?” Na daka mata tsawa na ce ta ji tsoron Allah. Ta ce ita ba ta ce komai ba, ta wuce abinta. Amma maganar ta zauna. Na koma baya ina lissafi a raina. Na farko, ai ta ce masa ya fi ladani. Na uku, ai ta sa yatsa cikin kejinsa. Yanzu na san duka taran take yabawa kullum, ko wanne ya mutu za a samu abin da ta faɗa masa. A lokacin kuwa kaina bai ba ni haka ba.

Babu wanda ya furta kalmar maita a fili. Gidan malamai ne, an san hukuncin ƙazafi. Amma an fara kiran yara in sun zauna a tabarmarta. An fara wanke kwanon da ta sha ruwa sau biyu. Aka yi haihuwa a gida na uku da namu ba a aiko mata ba, ta ji guɗa ta katanga, ta ɗauki tandunta ta zauna tana jira har la'asar. Da ta gaji ta ce wa maiɗakina, “Wataƙila sun manta ne, hidima ta yi musu yawa.” Maiɗakina ta ce haka ne, ba ta ɗago kai daga tankaɗen da take yi ba.

Abin da ni na yi shi ne wanda ba ya barina. Na biyar ya mutu, wani mai rawaya sosai wanda na fi so, na yi kwana biyu abinci ba ya shiga. Washegari da safe na ji takun Gwaggo tana tahowa daga cikin gida, tana jan silifas ɗinta yadda ta saba. Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba. Na zabura na fizge rigar da nake ɗinki, rigar mutane mai tsada, na yafa ta a kan kejin huɗun da suka rage. Ban gama ja ba ta shigo.

Ta tsaya. Ta dubi rigar, ta dube ni da hannuna a sama riƙe da gefenta. Na ce, “Iska ce ta yi musu yawa, Gwaggo.” Ranar ko ganye ba ya motsi. Ta ce, “To, Babana. Allah ya ba su lafiya.” Ta gyara mayafinta ta fita. A ƙarƙashin rigar tsuntsayen suka yi tsit, sun ɗauka dare ne.

Daga ranar ba ta sake bi ta zaure ba, ta ƙofar baya take fita, wadda ake fitar da shara. Ni kuma, ka ji rashin kunya, ban daina zuwa niƙa a dutsenta ba. Nakan jira ta fita in tsuguna in yi in tashi. Na shida ya mutu, na bakwai ya bi shi. Aka ce ai ba sai ta gan su ba.

Bayan sallar layya ta haɗa kayanta. Ta ce za ta je ta ɗan kwana biyu wajen dangin uwarta, a wani ƙauye can bayan Kufena, wai ƙafarta na son ƙasa mai laushi. Yayana, wanda shi ne babba a gidan, ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai tambaye ta ranar dawowa ba. Ni na ɗora mata kaya a mota. Akwati ɗaya ne, da tabarma, da buta, da dutsen a naɗe cikin tsohon zane. Na tuna nauyinsa a hannuna. Da motar za ta tashi ta leƙo ta ce, “Ka kula da masu zauren.” Na yi kamar ina gyara igiyar kaya.

Biyun da suka rage sun yi sati uku suna layi, sannan suka miƙe. Gashinsu ya dawo, kuka ya dawo. Ba wanda ya sake mutuwa. Matar yayana ta riƙa wucewa ta zaure tana kallon kejin tana kallona. Ni ma na yarda. Ba zan ɓoye ba, na yarda har cikin zuciyata cewa ƙanwar ubana, wadda ta goya ni, ita ta cinye mini tsuntsaye bakwai. Shekara uku ina aika mata da sabulu da atamfa da salla ta hannun direba, ban taɓa taka ƙafata ba.

A shekara ta huɗu wani mutum ya zo daga Samaru ya ba ni ɗinkin rigar da zai sa a bikin 'yarsa. Likitan dabbobi ne, mai yawan surutu da dariya. Ina auna shi ya ga kejin biyu ya ce ai zauren ya fi ƙarfin biyu. Na ce da tara ne, na ba shi labari sama-sama, ban ambaci Gwaggo ba. Sai ya daina dariya. Ya tambaye ni launin kashinsu. Ya tambaya ko suna yawan shan ruwa, ko kansu na juyewa, ko akwai wanda ya makance kafin ya mutu. Akwai kuwa, na shida ya yi kwana ɗaya yana karo da kara. Ya duba kejin ko da fenti a jiki ko waya, bai ga komai ba sai kara da zare. Ya ce in faɗa masa duk abin da nake ba su, kada in bar ko ɗaya. Na lissafa, na zo kan garin ɓawon ƙwai har ina ɗan taƙama.

Ya ce, “A me kake niƙawa, Malam?”

Na ce yanzu a ɗan turmin ƙarfe, amma da a dutsen kwallin gwaggona.

Ya zauna a kan benci da ma'aunina a rataye a kafaɗarsa. Ya ce, “Kwallin dutse? Mai walƙiyar nan?” Na ce shi. Ya ce, “Malam, wannan dutsen ai dalma ce a cikinsa. Tsuntsu kamar wannan, abin da zai maƙale a kan allurarka ya isa ya fara yi masa aiki. Ba zan rantse ba tunda ban ga gawarsu ba, amma duk abin da ka faɗa haka gubar dalma take yi.” Ya tambaye ni yaushe mutuwar ta tsaya. Na ce lokacin da dutsen ya bar gidan. Ya buɗe hannu kawai.

Na ce, “Amma Likita, ai jarirai ake sa wa.”

Ya ce, “Shi ne abin da muke ta fama a daina. Mutum ba ya faɗuwa nan take kamar tsuntsu. A hankali take taruwa a jikin yaro, ta taɓa jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa, wani har farfaɗiya. Wani kuma ya tashi lafiya ƙalau, shi ya sa ba a yarda.”

Ban ji rabin wannan bayanin da kyau ba. Kunnena ya tsaya a kan abu ɗaya, cewa ba ita ba ce, ni ne da tafin hannuna. Na rubuta awon rigarsa ba daidai ba, sai da ya sake dawowa. Da ya tafi na zauna ina kallon inda na tsaya ranar da na yafa rigar, kunya ta rufe ni har na ji zauren ya yi mini ƙunci. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai murna, don ina ganin na samu abin da zan wanke ta da shi. Na tsara komai a raina. Zan ɗauko ta, in tara gidan da matan unguwa, in faɗa musu da bakina, in ya so ma in roƙi likitan ya zo ya maimaita. Ban gaya wa kowa ba, ina so ta fara ji.

Kwana biyu bayan haka na hau babur da sassafe. Damina ce, dawa ta kai kafaɗa, hanyar bayan dutsen Kufena duk taɓo. Na same ta a gindin wata bishiyar ɗorawa a bayan gida tana ɓarar gyaɗa ita kaɗai. Ta rame, ta yi ƙanƙanta. Yaran gidan suna wasa can nesa, na lura babu ko ɗaya kusa da ita, na gane maganar ta riga ta biyo ta har nan. Ta ɗago ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Babana, ashe kana gane hanya.” Na durƙusa na gaishe ta. Abin da ta fara tambaya bayan gaisuwa shi ne nawa suka rage. Na ce biyu, suna nan lafiya. Ta ce, “Alhamdu lillahi. Ka ga da na tafi sun huta.”

Daga yadda ta faɗe shi na gane da gaske take. Ba gatse take yi ba. Na ce, “Gwaggo, kin yarda da abin da aka ce?” Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta ce, “An ce mai abin wani lokaci ba ya sanin yana da shi. Na yi ta istigfari. Ba na kallon ɗan kowa a ido yanzu, in sun zo sai in sunkuyar da kai.”

Nan na fashe da kuka, ni da gemuna. Na gaya mata komai, da garin, da dutsen, da likitan, da dalma. Na ce ni na kashe su da hannuna, ita ba ta da laifin komai, ta yafe mini rigar nan da na yafa. Na ce ta tashi ta haɗa kaya, yau za ta kwana a ɗakinta, gobe kuma duk Kwarbai za ta ji gaskiya.

Na zaci za ta yi hamdala ko ta zage ni, ko wanne zan karɓa. Sai ta ture kwaryar gyaɗar gefe ta ce in sake faɗa mata a hankali, me ke cikin kwallin. Na maimaita. Ta ce, “Ɗan abin da ya maƙale a dutse, bayan ka share, shi ya kashe su?” Na ce haka likita ya ce. Ina kallon bakinta yana motsi ba sauti, yatsunta suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya a kan cinyarta. Da ta gama hannu ɗaya ta koma ɗayan.

Ta ce, “Ni kuwa da tsinke nake cika musu ido. Safe da yamma, har a yi arba'in.”

Sai a lokacin sauran maganar likitan ta dawo mini. Na ce ai ya ce mutum daban ne, da yawa ba abin da ke samun su, ga ni nan ita ta sa mini kuma lafiyata ƙalau. Ba ta saurare ni ba. Ta ambaci yaron gidan mai goro da ke faɗuwa yana kumfa. Ta ambaci 'yar gidan liman da ta kai shekara goma sha biyu ba ta haɗa baƙi. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, “'Ya'yana ukun fa?”

Na ce, “Ƙyanda ce, Gwaggo, da zazzaɓi. Kowa ya sani.” Ban sani ba. Ina ƙarami aka binne su. Ita ma ta san ban sani ba.

Mun daɗe a zaune. Wata mata ta kawo mini fura ta ajiye nesa da tabarmar ta koma. Can Gwaggo ta ce, “Babana, in ka tara su, me za ka ce musu? Za ka ce ba maita ba ce, kwallina ne? A gaban uwar yaron nan mai faɗuwa?” Na ce zan ce ba wanda ya sani, kowa haka ya taso ya gani. Ta girgiza kai. Ta ce, “Yanzu tsuntsu ake cewa na ci. Tsuntsu ne, za a manta. In ka faɗi wannan, duk matar da ta binne ɗa a unguwar nan za ta kwanta tana tuna hannuna a fuskarsa, kuma ta tuna ita ta aiko a kira ni. Ni na ji, ya ishe mu. Kada ka raba musu.”

Na ce to yaran da ake haifa yanzu fa, a bar su? Ta ce, “Ka hana naka. Sauran ka ce likita ya faɗa, ka yi ta faɗa har su gaji da kai. Amma kada ka haɗa da ni, kada ka haɗa da tsuntsaye. Kada ka wanke ni da shi.” Na yi gardama, na ɗaga murya har mai gidan ya leƙo. Na ce ba zan bar ta ta mutu da wannan sunan ba. Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce in dai sunan ubanta nake ɗauke da shi in yi mata alkawari. Na yi.

Ta ƙi biyo ni. Ta ce ba za ta iya haɗa ido da matan ba yanzu, gara nan inda ba ta sa wa ɗan kowa komai ba. Kafin in tafi ta shiga ɗaki ta fito da dutsen, ta sa na raka ta har wani tsohon kududdufi da aka haƙa don ƙasar gini, ta ce in jefa tsakiya. Na jefa. Ta tsaya har ruwan ya kwanta, sannan ta ce in gaida gida.

Na cika rabin abin da ta ce. Na kwashe duk tandun gidanmu na zubar, maiɗakina ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Duk inda aka yi haihuwa nakan ja uban jaririn gefe in gaya masa abin da likita ya ce. Wasu sun ji. Mafi yawa dariya suke yi, su ce maɗinki ya zama dokta, kwallin da kakanninmu suka sa suka kai shekara ɗari. Na san abin da zan faɗa su daina dariya. Na ga tsuntsu bakwai sun faɗo a gabana, kuma duk unguwar ta san da su. Sau da yawa maganar takan zo har bakina in haɗiye ta. Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma in na ga jariri da ido baƙi ƙirin a bayan uwarsa sai in kawar da kaina.

Bayan wannan nakan je wurinta duk wata. Ba mu sake tayar da zancen ba. Takan tambayi tsuntsaye, in ba ta labarinsu, ta yi musu tsokana daga nesa. Shekara biyu aka yi haka. Ta rasu da rani, bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a can ƙauyen. Mu huɗu muka je daga gidanmu.

Aka yi zaman makoki na kwana uku a Kwarbai, tunda nan ne gidan ubanta. Rana ta biyu na shiga cikin gida karɓar gaisuwar mata. Tsakar gidan cike take, har da uwar yaron gidan mai goro, yana zaune a gefenta ya zama saurayi, tana goge masa baki da gefen mayafi. Suka yi mini ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya. Sai matar yayana ta yi ajiyar zuciya ta ce, yadda kowa zai ji, “Allah dai ya yafe mata abin da ta yi, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba.” Matan suka amsa a tare. Maiɗakina ma ta amsa. Sannan aka yi shiru ana jirana, don ni ne ɗanta a wurin. Na dubi ƙofar ɗakin da ke kusa da rijiya, na dubi uwar yaron, tana kallona ita ma tana jira.

Na ce amin.